Binciken zubar jini a ƙwaƙwalwa da ɓera: a zuba jini, ko a sa kolajinas?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a digiri na biyu, fannin ilimin aikin magunguna a jiki. Na tato wani sinadari daga tsiro, ina so in gwada ko zai rage ɓarnar da zubar jini a ƙwaƙwalwa ke yi. Na ga wasu masu bincike suna zuba wa ɓera jininsa a ƙwaƙwalwa, wasu kuma suna sa kolajinas. Wanne ya fi, kuma yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka zaɓi hanya, zauna ka rubuta a jimla ɗaya abin da kake zaton sinadarinka zai yi. In kana zaton zai tsayar da jinin da ke kan zuba, kolajinas za ka yi, wato sinadarin da ke narkar da bangon ƙananan jijiyoyin jini, domin a nan ne kawai jijiya ke yoyo da gaske. In kuma kana zaton zai kare ƙwaƙwalwa daga dafin jinin da ya riga ya zuba, zuba jini ya fi tsabta wajen ba da amsa. Kuma ka sani tun yanzu, duka biyun babu wanda ya kwaikwayi abin da ke faruwa da dattijo mai hawan jini da aka kawo asibiti ɓarin jikinsa ya shanye. Kowanne ya ɗauki yanki ne na cutar ya bar saura.

A mutum, yawanci wata 'yar siririyar jijiya ce a can cikin ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini ya yi shekaru yana ci, take fashewa. A tsofaffi kuma akwai wadda furotin amiloyid ke taruwa a bangonta, ita tana fashewa kusa da saman ƙwaƙwalwa. Jinin ba ya zuba lokaci guda ya tsaya. Binciken Brott da abokan aikinsa na 1997 ya nuna cewa a kashi 38 cikin 100 na marasa lafiyan da aka ɗauki hotonsu da wuri, gudan jinin ya ƙara girma sosai a cikin yinin farko. Ɓarna iri biyu ce ke biyo baya. Ta farko ta matsi ce: gudan jini yana yaga nama yana danne na kusa da shi. Ta biyu tana zuwa a hankali cikin kwanaki, lokacin da turombin, wato sinadarin da ke sa jini ya daskare, da himogulobin ɗin jajayen ƙwayoyin jini da suka fashe, da sinadarin ƙarfen da ke cikinsa suke ƙona ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kumburi ya taso. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan cuta suna rasuwa a cikin wata guda. A ƙasashen Turai da Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 na masu shanyewar ɓarin jiki, amma binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2018, ya samu kusan kashi 32. Saboda haka batun da ka ɗauko namu ne sosai.

Tunda Hausa ɓera ɗaya take kira, bari mu raba: in na ce babban ɓera ina nufin irin Wistar ko Sprague Dawley mai nauyin giram 250 zuwa 350, ƙaramin ɓera kuwa irin C57BL/6 ne mai giram 20 zuwa 30. Ƙwaƙwalwar babban ɓera kusan giram 2 ce, ta mutum kusan giram 1,400. Da wannan lissafin, maikurolita 50 na jini (maikurolita 1,000 ne mililita ɗaya) a babban ɓera ya yi daidai da kusan mililita 35 a mutum, maikurolita 100 kuma kusan mililita 70. A asibiti, gudan jinin da ya wuce mililita 30 ana ɗaukarsa babba. Ga mai fara koyo, babban ɓera ya fi sauƙi: kansa ya fi faɗi, kuskuren rabin milimita bai cika kai allura wajen da ba a nufa ba, jijiyarsa ma ta fi kamuwa.

Aikin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai

Sai ka samu firam ɗin saita kai, wanda ake kira sitiriyotaksi. In babu shi kada ka fara. Allurar da aka soka da hannu kowane ɓera wurin da za ta sauka daban. Ana sa dabbar barci da aisofuluren, kashi 3 zuwa 4 a farko, sannan a riƙe ta a kashi 1.5 zuwa 2. Inda babu injin tururin, ketamin da zailazin ake haɗawa, amma ka san abin da suke jawowa: zailazin yana ɗaga sukarin jini na sa'o'i, ketamin yana toshe NMDA, mashigar gulutamet (sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi), wadda take da hannu a mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma haɗin yana sanyaya jiki ya daɗe. Ba haramun ba ne a yi amfani da su, sai dai kowane rukuni ya samu adadi ɗaya, kuma ka rubuta a rahotonka. Zafin jiki kuwa a riƙe shi a digiri 37, ana aunawa ta dubura, tun daga fara barci har dabbar ta farka tana tafiya. Kada zafin garinmu ya ruɗe ka. Ɓeran da aka sa barci a kan teburin ƙarfe ƙarƙashin fanka yana yin sanyi cikin mintoci, sanyi kuma yana canza girman rauni da yadda jini ke daskarewa.

A aske kai, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa man ido don kada idon ya bushe, a kafa sandunan kunne. In kan yana motsi idan ka danna shi da yatsa, bai kafu ba. A tsaga fata a tsakiya, a goge ƙoƙon kai har ɗinkunan ƙashi su fito. Inda ɗinkin tsakiya ya haɗu da na gaba shi ne biregma, na baya shi ne lamda. Ka auna tsayin biyun da bakin allura. Sai sun yi daidai da juna, domin taswirar ƙwaƙwalwar babban ɓera ta Paxinos da Watson da kowa ke amfani da ita a kan kai mai shimfiɗe aka zana ta. Yawancin allurar da ta ɓace hanya daga nan ta ɓace.

Wurin da aka fi nufa shi ne sitirayatum, wani sashe a can cikin ƙwaƙwalwa da ke da hannu a sarrafa motsin jiki, domin yana da faɗin da zai riƙe jini kuma rauninsa yana bayyana a ƙafar gaba ta ɗaya ɓangaren. A babban ɓera, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne milimita 0.2 gaba da biregma, 3.5 gefe, 5.5 ƙasa. A ƙaramin ɓera, 0.2 zuwa 0.8 gaba, 2 zuwa 2.5 gefe, 3 zuwa 3.5 ƙasa. Duk takardar da ka ɗauko ma'auni daga cikinta, duba ko zurfin daga saman ƙashi aka auna ko daga fatar ƙwaƙwalwa; a babban ɓera bambancin ya kusa milimita guda. Ramin da za a huda kamar milimita 1 ya isa, a huda a hankali ana ɗiga ruwan gishiri don kada zafin injin ya ƙona saman ƙwaƙwalwa. Kafin ka taɓa dabba mai rai, nemi gawarwakin ɓerayen da wani ya gama aiki da su masu nauyi irin naka, ka zuba musu tawada a wannan ma'aunin, ka yanka ka ga inda ta zauna. Ɓerayen da ake kiwo a ɗakunan dabbobinmu sau da yawa girmansu bai yi daidai da shekarunsu kamar na taswira ba, gyaran ma'auni a nan ake yinsa.

Zuba jini

Bullock da abokan aikinsa a 1984 sun haɗa jijiyar cinyar ɓera kai tsaye da allurar da ke cikin ƙwaƙwalwa, jini ya shiga da ƙarfin bugun zuciya. Ya yi kama da na mutum, sai dai ba a iya sanin nawa ya shiga, kowace dabba da nata. Shi ya sa aka koma famfon sirinji. A yau ana ɗebo jinin dabbar daga jijiyar cinya ko ta tsakiyar wutsiya, a zuba maikurolita 50 zuwa 100 a babban ɓera, da allura mai lamba 26, a gudun maikurolita 10 a minti. A ƙaramin ɓera 15 zuwa 30 ne, a gudun 2 zuwa 3 a minti.

A nan gizo ke saƙar: jinin ba a sa masa hefarin, wato maganin hana jini daskarewa, kuma jinin ɓera yana saurin daskarewa. Daga ɗebowa zuwa fara zubawa minti ɗaya zuwa biyu kake da su, saboda haka sai ka gama huda rami ka saita komai kafin ka taɓa wutsiya. In jini ya daskare a allura, famfo zai ci gaba da turawa, matsi ya taru, can sai gudan ya ɓalle gaba ɗaya ya yaga nama. Wani zai ce to a sa hefarin mana a huta. Binciken Xi da abokan aikinsa a 1998 ya nuna jinin da aka sa wa hefarin ba ya kawo kumburin farko yadda jini mai daskarewa ke kawowa, domin hefarin yana hana aikin turombin, shi kuwa turombin shi ne jagoran kumburin yinin farko. Wanda ya sa hefarin ya cire rabin abin da ya zo aunawa.

Matsala ta biyu ita ce jini ya biyo hanyar allura ya dawo sama, ko ya bi farin zaren da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ya watsu, ko ya fasa zuwa kogon ruwan ƙwaƙwalwa. Maganin da Deinsberger ya kawo a 1996 shi ne zubi biyu: a zuba maikurolita 15, a jira minti 7 ya daskare ya toshe hanyar allura, sannan a zuba sauran 35. Belayev ya mayar da dabarar ga ƙaramin ɓera a 2003. Bayan an gama, a bar allurar a wurin minti 10, a zare ta a hankali kamar milimita ɗaya a minti, a toshe ramin da kakin ƙashi, a ɗinke. In ka ga jini yana ɓulɓulowa ta bakin rami lokacin zubi, rubuta lambar dabbar. Wannan ba ta samu adadin da sauran suka samu ba. Famfon kuma ka haɗa shi da batir ko inbata. Wuta ta ɗauke a tsakiyar zubi, jini ya daskare, wannan ɓeran ya tashi a banza.

Alherin wannan hanya shi ne ka san adadin jinin da ka sa. Har ana iya rarraba shi a zuba turombin kaɗai, ko jajayen ƙwayoyi kaɗai, ko sinadarin ƙarfe kaɗai. Da haka aka gano cewa jajayen ƙwayoyin da aka fasa suna kawo kumburi cikin sa'a 24, waɗanda ba a fasa ba kuwa sai wajen kwana na 3, lokacin da suka fara fashewa da kansu. Aibinta kuwa babu jijiyar da ta fashe, gudan ba ya ƙara girma, kuma sau da yawa jinin yana kwanciya ne kamar tsaga yana ture nama gefe maimakon ya cinye shi.

Kolajinas

Gary Rosenberg na Jami'ar New Mexico ne ya kawo ta a 1990. Kolajinas sinadari ne da ake samu daga ƙwayar cutar Clostridium histolyticum, yana narkar da kolajin ɗin da ke riƙe da bangon ƙananan jijiyoyi. In aka ɗiga shi a sitirayatum, jini yana fara tsattsafowa cikin kamar minti 10, ya ci gaba na sa'o'i, mafi yawansa a sa'o'in farko. A babban ɓera ana sa yunit 0.1 zuwa 0.5 cikin maikurolita 1 zuwa 2 na ruwan gishiri. A ƙaramin ɓera yunit 0.03 zuwa 0.075 cikin kamar rabin maikurolita, a zuba cikin minti 5 da sirinjin Hamilton. Tunda ruwan kaɗan ne, bai cika dawowa ta hanyar allura ba, aikin kuma ya fi sauri. Shi ya sa ɗalibai suka fi son ta.

Kada ka kwafi adadin yunit daga takarda ka tafi da shi. Akwai nau'i na IV da na VII, ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma ko nau'i ɗaya ne, kwalbar bana ba lallai ta yi daidai da ta bara ba. Sayi wadda za ta ishe ka aikin gaba ɗaya, ka narka sau ɗaya, ka rarraba a ƙananan kwalabe, ka daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili. Kowace rana ka ciro ɗaya ka ajiye a kan ƙanƙara, abin da ya rage ka zubar. Firizar da ke narkewa tana sake daskarewa saboda wuta tana kashe ƙarfinsa a hankali, sai ka ga ɓerayen makon farko suna mutuwa, na mako na huɗu ko ɗingishi ba sa yi. In rukunin magani ne ka bari a ƙarshe, za ka yi murnar sakamakon da firiza ce ta ba ka. Wasu ɗakunan bincike suna haɗa shi da ɗan hefarin. In takardar da kake bi ta yi haka, adadinta ba zai yi aiki a wurinka ba sai da hefarin ɗin.

Ana sukar kolajinas da cewa jini yana fitowa ne daga ƙananan jijiyoyi masu yawa, ba daga guda ɗaya da ta fashe ba, kuma shi kansa baƙon furotin ne da zai iya ƙara tayar da kumburi. Kwatanci mafi amfani shi ne na MacLellan da Colbourne a Jami'ar Alberta ta Kanada, a 2008. Sun daidaita girman gudan jini a hanyoyin biyu, sai suka ga kolajinas ya fi lalata shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, naman da ya mutu ya fi yawa kuma yana ci gaba da ƙaruwa na makonni, nakasar ma ta daɗe, alhali ɓerayen da aka zuba wa jini sun warware sosai. Wannan yana da amfani gare ka kai tsaye: in kana son ganin bambanci a kwana na 28, ɓeran da aka zuba wa jini mai yiwuwa ya riga ya warke da kansa, babu sauran gurbin da magani zai nuna kansa.

Akwai tarko guda da ya shafi masu aiki da tsirrai musamman. Tsirrai da yawa suna ɗauke da tanin da danginsa, irin abin da ya sa majema suke jima da bagaruwa: yana kama furotin ya ɗaure shi. An nuna a kwalbar gwaji cewa irin waɗannan sinadarai, har da na koren shayi, suna hana kolajinas ɗin ƙwayar cuta aiki. In ka ba ɓera sinadarinka kafin tiyata, gudan jini ya fito ƙarami, mai yiwuwa kolajinas ka kashe, mara lafiya kuwa babu kolajinas a kansa. Saboda haka haɗa sinadarin da kolajinas a kwalba tukuna ka ga ko yana rage ƙarfinsa. Ka kuma auna ko yana tsawaita zubar jini a wutsiya, don akasin haka ma yana faruwa. Sannan ka ba da maganin bayan rauni, sa'a 3 ko 6 ko ma 12. Babu wanda ke shan magani mako biyu yana jiran jijiyarsa ta fashe, mutanenmu kuwa da yawa sai bayan yini guda suke isa inda ake ɗaukar hoton kai.

Sauran hanyoyi, a taƙaice

Sinar ya yi amfani da ɗan balan-balan da ake hurawa a ƙwaƙwalwa a 1987, don nazarin matsi kaɗai ba tare da jini ba. Akwai dabbobin da jininsu ke zuba da kansa: babban ɓeran SHRSP da Okamoto da Yamori suka fitar a Kyoto a 1974, wanda hawan jininsa ke tsananta in aka sa gishiri kashi 1 a ruwan shansa, ƙaramin ɓeran da ake ba anjiyotensin II tare da L-NAME don su jawo masa hawan jini, da irin APP23 masu tara amiloyid a jijiya. Su ne suka fi kusa da asalin cutar, amma ba ka san ranar da jini zai zuba ba, ko inda zai zuba, ko girmansa, saboda haka sun fi dacewa da binciken rigakafi. Foerch a 2008 ya sa wafarin, maganin tsinka jini, a ruwan shan ƙananan ɓeraye kafin kolajinas, gudan jinin ya fi girma. Wannan ita ce hanyar gwada magungunan da ke warware tsinkewar jini. 'Ya'yan kifin zebra, da jikinsu ke garai-garai ana hango jinin da ido a madubin ƙara girma, suna zubar da jini a kai in aka sa atobastatin, maganin rage kitsen jini, a ruwansu, ana amfani da su wajen tace magunguna da yawa da araha.

Babban gibin ɓera shi ne farin sashen ƙwaƙwalwa, wato zaruruwan da ke kai saƙo. A mutum ya kusa rabin ƙwaƙwalwa, a ƙaramin ɓera wajen kashi 10 ne. Don haka Wagner a Cincinnati ya koma ga alade a 1996, yana zuba jini a farin sashen gaban ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan aikin ne ya taimaka wajen gwada narkar da gudan jini a zuƙe shi. An yi da kare, da zomo, da biri, a baya-bayan nan kuma da tunkiya, wadda ƙwaƙwalwarta ke da lanƙwashe-lanƙwashe irin na mutum. Ga wanda ba zai yi aiki da alade ba, ita ce mafita, in akwai likitan dabbobi mai sa barci da na'urar hoto. In kuma zubar jinin da ke ƙarƙashin rufin ƙwaƙwalwa kake nufi, irin na fashewar kumburarriyar jijiya, wannan wata hanya ce daban: ana zura zare ta jijiyar wuya a huda jijiya daga ciki, kamar yadda Bederson da Veelken suka bayyana a 1995. Na jarirai bakwaini ma da nasa.

Abin da za ka auna

Girman gudan jini shi ne na farko, musamman a kolajinas, yawanci a sa'a 24. Hanya mai araha ita ce ta himogulobin: a wanke jijiyoyi da ruwan gishiri ta zuciya, a cire ɓarin ƙwaƙwalwar, a niƙa, a juya a injin tacewa, a haɗa ruwan saman da sinadarin Drabkin, a karanta a nanomita 540. Sai ka yi ma'aunin kwatanci da kanka, ta hanyar zuba sanannen adadin jini a ƙwaƙwalwa mai lafiya. Drabkin yana da sayanayid, a kula da hannu da wurin zubarwa.

Kumburi ana auna shi da nauyi: a auna nama ɗanye, a busar a digiri 100 na sa'a 24, a sake aunawa, a cire busasshen daga ɗanyen, a raba da ɗanyen. Ƙwaƙwalwa mai lafiya ruwanta wajen kashi 78 zuwa 80 ne, kumburi yana ƙara maki kaɗan ne a kai, yana kai ƙololuwa wajen kwana na 3. Tunda bambancin ƙanƙani ne, kana buƙatar sikeli mai karanta kashi ɗaya cikin goma na miligiram, kuma ka auna nan take. A lokacin hunturu, yankin nama da ya yi minti biyu a buɗe iska ta riga ta sha ruwansa. Ka auna ɗaya ɓarin da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya su zama abin kwatanci. Lura kuma, ƙwaƙwalwar da ka busar ba za ka yanka ta don madubi ba, wadda ka niƙa ma haka. Kowane awo da nasa rukunin dabbobi, ka sa wannan a lissafin kuɗinka.

Amma abin da ya fi komai nauyi shi ne yadda dabbar ke amfani da jikinta. Gwajin kwana: a haɗa alluna biyu su yi kusurwa mai digiri 30, a bar ɓera ya shiga, a ƙirga ta wane ɓangare yake juyowa cikin sau 10 zuwa 15, mai lafiya yana raba su kusan daidai, mai rauni yana karkata gefe guda. Gwajin gashin baki: a riƙe shi a goga gashin bakinsa a gefen tebur, mai lafiya nan take zai ɗora ƙafar gaba ta wannan gefen. Gwajin gwangwanin gilashi: a ƙirga da wace ƙafa yake dafa bango in ya miƙe. Duka ukun ba sa buƙatar na'ura sai kyamarar waya. Ga nakasa mai daɗewa, matakalar Montoya, inda ɓera ke miƙa hannu ya ɗauko ƙwayar abinci, ta fi kaifi, sai dai tana buƙatar horo na kusan mako biyu kafin tiyata. A auna kafin tiyata, sannan a kwana na 1, 3, 7, 14 da 28.

Dalilin nanata kwana na 28 shi ne tarihin fannin. Difiroksamin, mai kama sinadarin ƙarfe, ya rage kumburi a ɓera da alade, amma gwajin i-DEF a mutane a 2019 bai nuna amfanin da ake nema ba a kwana na 90. Sinadarin daskarar da jini na Factor VIIa ya rage girman gudan jini a gwajin FAST na 2008, amma bai rage mutuwa ko nakasa ba. Rage kumburi da maki ɗaya a kwana na 3 bai isa a ce magani yana aiki ba. Har ila yau, yawancin gwaje-gwajen ana yinsu ne a samarin ɓeraye maza masu ƙoshin lafiya, alhali an nuna tun 2004 cewa ɓera mai wata 18 ya fi mai wata 3 kumburi da nakasa a adadin jini ɗaya. In kuɗi bai kai ka sayi tsofaffi ko masu hawan jini ba, aƙalla haɗa da mata, kuma ka faɗi wannan iyaka a rubutunka.

Tsarin aikin kuma: rukunin tiyatar wofi, wanda aka huda aka sa allura da ruwan gishiri kawai, rukunin rauni da ruwan da aka narka magani a ciki, sai rukunonin magani. Rabon dabbobi da ƙuri'a, ana cakuɗa rukunoni a kowace ranar tiyata. Wani abokin aiki ya zuba magungunan a kwalabe masu lamba ya riƙe sirrin, har ka gama awo ba ka san wanne ne wanne ba. Ka rubuta sharuɗɗan cire dabba kafin ka fara, misali jini ya shiga kogon ruwa ko allura ta kauce, kuma duk wadda ta mutu a ƙirga ta a rukuninta. In marasa ƙarfin rukunin magani suka mutu ka auna waɗanda suka rage kawai, maganin zai fito kamar yana aiki alhali kisa yake yi. Ƙa'idojin ARRIVE na 2020 sun jera abin da mujallu ke nema a rahoto.

Ba a fara komai sai da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na jami'arka. Bayan tiyata a ba da maganin ciwo. Bufirenofin aka fi amfani da shi, a guji asfirin da danginsa domin suna taɓa daskarewar jini da kumburin da kake aunawa. A sa ruwan gishiri mai ɗumi a ƙarƙashin fata, a jiƙa abinci a ajiye a ƙasan keji, domin ɓeran da ƙafarsa ta shanye ba ya iya miƙewa ya kai ga kwalbar ruwa. A auna nauyi kullum. Wanda ya rasa kashi 20 na nauyinsa, ko ya kasa tashi, ko farfaɗiya ta ƙi sakinsa, a kashe shi ta hanyar da kwamiti ya amince, kada a bar shi yana wahala.

A matsayinka na ɗalibi mai ƙaramin kasafi, shawarata ka fara da kolajinas a babban ɓera, magani bayan rauni, awon motsi har kwana 28, da ƙaramin rukuni na daban don girman gudan jini a sa'a 24. In ka ga alamar amfani, maimaita a hanyar zuba jini kafin ka faɗa wa kowa. Kafin duk wannan, yi gwajin share fage da adadin kolajinas uku, ɓeraye kaɗan a kowanne, ka yanka a sa'a 24 ka zaɓi wanda ya cika sitirayatum bai fasa kogon ruwa ba kuma dabbobin suka rayu. Bambancin da ka gani tsakanin ɓerayen wannan gwajin shi za ka kai wa masanin ƙididdiga ya lissafa maka yawan dabbobin da kowane rukuni ke buƙata.